Ba Gurgun Kwikwiyo Ne Ya Hana Mu Noma Ba

Rubutun da wani malami ɗan'uwanmu ya yi a kan saurayin nan na Shinkafi, mai neman wanda zai riƙe masa gurgun kwikwiyo, ya shiga gari sosai. An karanta shi a majalisu, an jinjina kai, wasu har sun fara yi wa yaron kallon wanda ya taɓu. Shi ya sa na ga bai kamata maganar ta wuce ba amsa ba.

Ga abin da Malam ya ce, kuma ba zan rage masa ƙarfi ba. Ya ce a ƙasar da ake binne yara saboda tamowa, mata da tsofaffi suna kwana a kangaye da azuzuwan firamare don an kore su daga garuruwansu, abin kunya ne a ga Musulmi yana bin ƙofa-ƙofa yana nema wa kare masauki. Ya ce kare najasa ne, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake, kuma shari'a ba ta yi rangwame a kansa ba sai don farauta ko kiwo ko noma. To, kwikwiyon da ƙafarsa ta mutu, wanne zai yi a ciki? Ya ce karnukan da ke yawo a kufai su ne masu ɗauke da hauka, maganinsu a kashe su tun ba su ciji 'ya'yan mutane ba. Ya rufe da cewa wannan tausayin ba namu ba ne, a waya aka gan shi wajen Turawa masu kwana da kare a gado.

Maganar yunwa ita ce ta fi nauyi, kuma babu mai hankalin da zai yi musu da Malam a kan girmanta. Duk wanda ya leƙa ɗakin yara masu tamowa a babban asibitin Shinkafi ko na Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki, zai fito jikinsa a sanyaye. A 2024 ƙungiyar ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin nan biyu, ta samu kimanin ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da rashin abinci. Amma, Allah ya gafarta Malam, wa ya jawo wannan yunwar? Manoman yankin Kware da Badarawa sun san amsar. Wanda ya hana su shiga gona sai sun biya haraji, ya sake tsayawa a kan amfanin lokacin girbi, shi ya jawo ta. Wanda ya kora shanun huɗa, ya ƙone rumbuna, ya mayar da hanyar Shinkafi zuwa Kaura Namoda wurin da direba ke shiga da addu'a a bakinsa, shi ya jawo ta. A Satumbar 2021, da aka rufe kasuwannin mako aka yanke layin waya a Zamfara, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta yi shiru, talaka ya ƙara shiga wani hali. A cikin wannan jerin, ina wurin kwikwiyo?

Abin da yake ci a rana shi ne ƙanzon tukunya da aka jiƙa da ruwa, sai ɗan tarkacen da mahauta ke zubarwa a kwata. Yaron da tamowa ta kwantar ba ya iya cin ƙanzo, cikinsa ma ba zai riƙe ba. Madara ta musamman ake ba shi a asibiti, sannan wannan abincin na gyaɗa da ke zuwa a leda. Babu loma ɗaya da ta bar bakin yaro ta faɗa kaskon wannan dabba. Da a yau za a rataye kwikwiyon a bakin gulbi, yaro nawa za a sallama daga asibiti gobe? Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya ƙara tausayin maraya don ya shuri kare ba.

Na je na ga saurayin da abin da ya tsinto. Shi kansa ɗan gudun hijira ne, ɗaki ɗaya suke haya da mahaifiyarsa da ƙannensa a wani gida mai iyalai da yawa. Sun koma ƙauyensu ne da rana tsaka su da wasu samari don su ciro kwanon rufi da abin da ya rage a ɗaka, sai ya ji kuka a gindin wani rumbu da ya rushe. Tarkon waya ne, irin wanda ake ɗana wa zomo, ya shaƙe ƙafar baya ta hagu har ta kumbura ta yi baƙi, uwar kuma babu ita babu alamarta. Ya kwance wayar, ya sa shi a buhu, ya ɗora a gaban babur. Tafin ƙafar ya bushe ya faɗi, dungun ya warke. Yanzu da ƙafa uku yake tsalle, in ya zo juyawa da sauri sai ya kife, kuma gefen cinyarsa ya goge saboda jan ƙasa. Ina zaune yaron ya kama kunnen kwikwiyon ya juya shi, ya riƙa ciro kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwanin kananzir, sannan ya lakato man kaɗanya ya shafa a wurin da ya goge. Da ya gama ya wanke hannu da sabulu ya tafi neman abin da za a dafa a gida, don dako yake yi a kasuwa. Maigidan hayar ya ce ba zai yarda da kare a tsakar gida mai yara ba, kuma yana da gaskiyarsa. Wannan ne ya sa ake neman wani wuri. Ba a nemi a tara kuɗi ba, ba a nemi a kai shi asibitin Abuja ba.

Sai maganar najasa, wadda a nan ne na fi mamakin Malam, don ya kawo ta kamar babu saɓani a cikinta. Imam Shafi'i da Imam Ahmad suna ganin kare najasa ne, kuma ra'ayi ne mai hujja da ake girmamawa. Amma a zaurukan ƙasar nan, daga Shinkafi zuwa Sakkwato, Ahalari da Ishmawi da Risala da Muhtasar ake karantawa, kuma abin da ya shahara a mazhabar Imam Malik shi ne kowane mai rai tsarkakke ne, har guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ruwanta, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni don bauta, ba don an hukunta jikin karen da najasa ba. Suna kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, alhali da bakinta take kamowa. Suna kuma kafa hujja da abin da Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar, cewa karnuka kan shiga masallaci su fita a zamanin Annabi (SAW) ba a yayyafa ruwa saboda haka. Malam yana da damar bin ra'ayin da ya gamsu da shi. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya ɓoye wa mai karatu cewa littattafan da ke cikin gafakarsa sun faɗi wani abu dabam, har a riƙa nuna yaro da yatsa kamar ya taɓa mushe.

Hadisin mala'iku ingantacce ne, haka ma wanda ya yi gargaɗin raguwar lada kullum ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba. Ban zo in sassauta ko ɗaya ba. Malamai sun yi saɓani a kan na farkon: Haɗɗabi yana ganin karen da aka hana ajiyewa ake nufi, Nawawi yana ganin kowane kare ne. A ɗauki mafi tsanani ma, me ya shafi wannan maganar? Wa ya ce za a sa kwikwiyon a ɗaki? Bahaushe bai taɓa kwana da kare a tabarma ba. Wurin kare garke ne, ko bakin lambu, ko gindin rumbu a bayan danga, kuma irin wurin da yaron ke nema ke nan.

Malam ya haɗa abu biyu da malamai suka raba: ajiye kare da kyautata masa. Na farko yana da sharuɗɗa, na biyu ba shi da su. Labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishi, Allah ya gafarta masa, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ɗan makarantar Islamiyya ma ya san shi. Wancan karen na bakin rijiya, farauta yake yi wa mutumin, ko kiwo? Karen hanya ne, ba na kowa ba, kuma sahabbai da suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi an amsa musu cewa akwai shi a kan kowane mai rai. Ga kuma matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. To, wanda ya ji kukan dabba a tarko, wayar tana cin namanta, me Malam yake so ya yi? Ya toshe kunne ya ci gaba da ciro kwano?

Cewa gurgun kare ba shi da amfani magana ce ta wanda bai kwana a garke ba. Karen farauta ƙafa yake buƙata, gaskiya ne, kuma wannan ba zai taɓa bin zomo ba. Amma karen gadi kunne da hanci da murya yake aiki da su, kuma nasa lafiya lau suke: ina daga nesa ya fara haushi tun kafin yaron ya hango ni. A ƙasar da ake zuwa da dare a kwance tumaki daga turke, a ƙasar da minti biyu na gargaɗi kan zama bambanci tsakanin wanda ya tsallake katanga da wanda aka tasa gaba zuwa daji, a ce haushi ba amfani ba ne? Mai Risala kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidaje sai don noma ko kiwo ko farauta, masu sharhin littafinsa sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro ya ajiye kare. Da aka tuna masa matsayin Imam Malik a kan ajiye kare, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare ma ya ajiye, wato zaki. Ibnu Abdil Barri ma ya tafi a kan halaccin ajiye shi don jawo amfani da tunkuɗe cuta. In tsoron Ƙairawan na shekaru dubu da suka wuce ya isa uzuri, na Zurmi da Shinkafi na yau bai isa ba?

Inda Malam ya taɓo abin tsoro na gaske shi ne ciwon haukan kare, kuma a nan ina tare da shi a kan cutar, na rabu da shi a kan maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ne ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana fizge-fizge, sai dai addu'a. Ƙauyukan da aka watse an bar karnuka a cikinsu ba mai ciyarwa, suna haihuwa a kufai, suna cuɗanya da namun daji, yunwa kuma tana koro su zuwa bayan gari inda almajirai da yara masu tallar safe ke wucewa. Wannan ma wani ɓangare ne na ɓarnar da 'yan bindiga suka yi mana, wanda ba a cika lissafa shi ba.

Sai dai kisa shi kaɗai bai taɓa kawar da wannan ciwo ba. Kamar rijiyar rairayi ce a gulbin Gagare da rani, kana kwarfewa tana kawowa: an kashe na unguwa, na daji su shigo su maye gurbinsu, don juji da kwata suna nan. In guba aka zuba, ba ta tambayar kare na wane ne, tana kashe na mafarauci da na makiyayi, ta kashe ungulu da ta ci gawar, wani lokaci har kajin gida. A tsibirin Bali na Indonesiya, da cutar ta ɓarke a 2008, an fara da kashe karnuka, ba ta lafa ba sai da aka koma yi musu allura. Meziko kuwa, da allurar karnuka ta shekara-shekara ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da haukan da kare ke sa wa mutum. Ƙa'idar sananniya ce: in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar wucewa. Allurar kuma ba sai an je Turai ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take nan tun 1924, tana haɗa ta.

To, wane kare ake iya yi wa allura? Wanda ke da mai shi, wanda za a kira ya zo, a riƙe shi. Kuma in kare mai gida ya ciji yaro, bayan an wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti, ana iya ɗaure karen a sa masa ido kwana 10; in ya ƙare su lafiya, hankalin iyaye ya kwanta. In na kufai ne ya ciji ya ruga, wa za a sa wa ido? Sai uba ya shiga neman jerin allurai masu tsada waɗanda sau da yawa ƙananan asibitocin karkara ba su da su, ya kama hanyar Gusau da duk abin da ke kanta. Saboda haka yaron da ya raba kwikwiyo ɗaya da kufai, yake nema masa turke da mai shi, ya rage kare ɗaya daga cikin waɗanda Malam ke tsoro. Ba na cewa tsintar kare a daji ba ta da haɗari. Cutar kan ɓuya makonni ko watanni, don haka duk wanda ya tsinto dole ya tsare shi nesa da yara, ya nemi malamin dabbobi ya duba shi, a yi masa allura in ya kai wata uku, a maimaita duk shekara. Kare mai cizo da wanda ya haukace kuwa, shari'a da likitanci sun haɗu a kan a kashe shi, kuma ba ni da ja. Umarnin kashe karnuka gaba ɗaya da aka yi a farko, Muslim ya kawo cewa daga baya an janye shi.

Game da Turawa, ina roƙon Malam ya fita bayan gari da rani ya ga mafarauta sun cika mota da karnukansu. Ya tambayi kowane Sarkin Dawa abin da yake yi in gyado ya farke masa kare. Zai ji yadda ake saɓo shi a kafaɗa, a ɗinke, a yi masa ɗori da kara da tsumma, a jiƙa masa dusa har ya miƙe. Ya tambayi Bafulatanin da aka kore wa garke ko karensa na cikin abin da yake kewa. Waɗannan a wace waya suka gani? Waƙidi ya kawo cewa a hanyar buɗe Makka Annabi (SAW) ya ga karya tana shayar da 'ya'yanta a gefen hanya, ya tsayar da sahabi Ju'ailu ɗan Suraƙa a kanta don kada runduna ta tashe ta. Mutanen Istanbul sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciyar da karnukan titi a matsayin sadaka. Sai a 1910, da masu mulki suka so birnin ya yi kama da biranen Turai, aka kwashe dubun-dubatarsu aka zube a wani tsibiri mara ruwa suka mutu da ƙishi. In ana neman abin da aka kwaikwayo daga waje, a nan yake.

Abin da kwikwiyon ke buƙata kaɗan ne, amma ba kowa zai iya ba. Yana son wuri mai ƙasa ko rairayi, don siminti na goge masa dungu. Yana son inuwa da kaskon ruwa kusa, tunda ba ya iya doguwar tafiya, sai maganin tsutsa da na kaska lokaci-lokaci. Kada a haɗa shi da manyan karnuka a kasko ɗaya, za su ture shi. Kada kuma a bar shi ya yi ƙiba, ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da bayansa. Mai lambun albasa a fadama, ko mai kiwon tumaki a gefen gari, ko maigadin injin niƙa, kowannensu zai amfana da shi. Wanda yaron ke gudu shi ne mai karɓa yau ya miƙa wa fataken karnuka gobe, masu lodi zuwa kasuwar Dawaki a Filato, da kuma wanda zai gaji bayan mako biyu ya kwance igiya ya kore shi, a koma gidan jiya.

Malam yana da alƙalami mai tasiri, na ga yadda ya juya ra'ayin majalisu a kan yaro ɗaya mai dako. Ina roƙonsa ya juya shi wajen ma'aikatar da ke kula da dabbobi a Gusau da shugabannin ƙananan hukumominmu, ya nemi a kawo allurar karnuka Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda kafin 28 ga Satumba, ranar da duniya ke tunawa da wannan cuta, a bi ta hannun sarakunan dawa da ardo-ardo, don su suka san inda karnuka suke. Ya nemi a ajiye allurar cizo a asibitocinmu. In ya rubuta wannan, zan sa hannu a ƙasan nasa.

Amma a kan saurayin, ba zan matsa ko taku ɗaya ba: ya yi daidai da ya kwance wayar, ya yi daidai da yake neman mai riƙo. Sharaɗinsa ga wanda zai karɓa shi ne kada a sayar, kada a saki, a yi allura duk shekara. Ni ma na shiga tambaya masa wajen masu garke a Kaura Namoda.